Bindigar Mushe Bukari Tana Son Awo

Didaouré, Sokodé
Litinin, 16 ga Yuni

Zuwa ga jikana Ikrama, a Dapaong.

Bayan gaisuwa mai yawa. Yau Litinin na tashi da sauƙi, alhamdu lillahi. Kumburin ƙafar hagu ya sauka har takalmi ya shiga. Na je masallaci da sanda, na dawo da sanda, sau ɗaya kawai na zauna a hanya. Hawan jinin yana nan inda yake. Kunne ne ya ƙara nauyi, shi ya sa na ce kada ka wahalar da kanka da kiran waya. In ka kira, Zénabou mai haya a gidana ce za ta ɗauka, ta maimaita mini da ihu har unguwa ta san sirrinmu. Takarda ta fi. Huseini direba yana hawa Dapaong duk mako, shi zai miƙa maka wannan.

Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka, da aikin magaza, wato babban rumbun ajiyar hatsi.

Mahaifiyarka Bara'atu ta biyo ta nan da Sallar Layya. Ba ta daɗe ba, mota na jiranta. Cikin hira ta ce kana da wani ƙaramin akwati mai ganin ƙwayar dalma tana tafiya cikin iska, har ya faɗi gudunta. Na ce ta maimaita, ta maimaita. Shekara talatin da ɗaya na koyar da lissafi da aikin ƙarfe a lakwal, wato makarantar boko, har aka laƙaba mini Mushe, malam ke nan da Faransanci, ban taɓa zaton zan rayu in ji haka ba.

Ka tuna bindigar iskata? Wadda na hana ka taɓawa shekara biyun da ka zauna gidan nan kana karatu, kai kuma kake ɗaukarta duk ranar da na tafi Juma'a? Kakarka Khairiya, Allah ya jiƙanta, ita take rufa maka asiri. Tana cewa jikan yayanta ne kai, ba wanda zai dake ka a gabanta.

Mu a zamaninmu sabulu ne alƙali. Ran Lahadi bayan la'asar mukan taru a bayan gidan nan, ni da Maigida mai ɗinki da Abdulrauf da wasu biyu. A ɗora sandar sabulun wanki a kan katanga, a ja taku goma, kowa ya harba. Sai a zura tsinken tsintsiya cikin ramin, a danne shi da farce, a gwada. Wanda tsinkensa ya fi shiga, bindigarsa ce sarauniyar mako. Khairiya tana wanki tana tsintar dalma tana faɗa. Duk sun tafi, ni kaɗai na rage da katangar.

Jiya na gwada. Tsinken da yake shiga gaɓa biyu ta yatsa, yanzu da ƙyar ya wuce ɗaya. Bindigar tana son awo. Ita kuwa ba za ta iya hawa arewa ba. Ka fi ni sanin shingayen da ke hanyar yanzu, babu direban da zai ɗauki abu mai kama da bindiga ya wuce garin Mango da shi. To, ga bindiga a Sokodé, ga akwati a Dapaong. Kai ne mai ilimin zamani, sai ka duba yadda za su haɗu.

Mangwaron tsakar gida ya ƙare, amma na sa an ajiye gyaɗar bara, irin wadda kake so.

Kakanka,
Bukari

*

Dapaong
Talata, 24 ga Yuni

Kaka, tsoho mai ran ƙarfe,

Na samu takardarka, na yi murna ƙwarai. Muna lafiya, matata Aïcha tana gaishe ka, tana cewa a rage gishiri. Ashe ka san ina ɗaukar bindigar? Shekara goma sha biyar ina zaton na yi wayo!

Ka ce in duba yadda za su haɗu. Abu mai sauƙi: ga akwatin nan na ba Huseini, na naɗe shi cikin tawul. Ka ga ba sai kowa ya sha wahalar hanya ba.

Sunansa rada. Wani abokina ya kawo mini daga Turai. Da shi nake gyara bindigogin iskar da muke korar tantabaru da ɓeraye a magaza. Irin aikin na'urar da jandarma suke auna gudun mota da ita yake yi: yana aika wata igiya wadda ido ba ya gani, ta bugi ƙwayar dalma ta dawo, shi kuma ya lissafa. Lambar da zai nuna, ita ce mita nawa ƙwayar take ci a sakan ɗaya.

Ga yadda za ka yi. Ka kafa shi a kan ƙafafunsa uku kusa da bakin bindiga, fuskarsa na kallon katanga. Ka ja baya sosai, taku ashirin ko fiye, don ya samu filin gani. Ka danna maɓallin gefe har allo ya kama. Ka harba sau goma da dalma iri ɗaya, kada ka cakuɗa, ka rubuta mini lambobin a jere. Irin bindigarka in tana lafiya za ta ba da wajen ɗari da saba'in. Amma ba yawan lamba ne abin nema ba, Kaka. Abin nema shi ne su goman su zama kusa da juna, kamar 'yan uwa ɗaya. In sun warwatse, akwai ciwo a ciki.

In batir ya yi ƙasa, Zénabou ta sa masa wuta da wayar cajin salularta.

Yanzu za mu ga wa ya fi gaskiya, sabulu ko rada. Gyaɗar kuwa ka ba Huseini, ya yi alkawari ba zai ci fiye da rabi ba.

Jikanka,
Ikrama

*

Didaouré, Sokodé
Alhamis, 10 ga Yuli

Ikrama,

Gaisuwa. Yau Alhamis, ana ruwa tun safe, gwiwoyi sun faɗa mini tun jiya. Tari ya ɗan taso, Zénabou ta dafa mini citta da lemun tsami. Ka gaida Aïcha, ka ce mata gishirin da ake sa mini yanzu ko kaza ba za ta ji shi ba.

Ranar da Huseini ya yi sallama, na amsa, na leƙa bayansa. Ya ce, "Mushe, wa kake nema? Ni kaɗai ne." Na ce ina duba ko ya rufe ƙofa. Ya miƙo tawul. Na gode da ka amince mini da abu mai daraja haka.

Ban same shi da wuya ba. Na kafa shi yadda ka ce, na ja kujera har bakin rijiya don taku ashirin su cika. Harbin farko da lamba ta fito a allo, sai da na cire tabarau na goge na sake dubawa. Rashid mahauci, mijin Zénabou, ya tsaya da wuƙaƙensa a hannu yana kallo. Ya ce, "Mushe, wannan abin in aka kafa shi a bakin matata, lamba nawa zai ba da?" Ta jefe shi da murfin tukunya. Rabon da a yi dariya a bayan gidan nan har na manta.

Ga lambobin da ka nema: 131, 204, 97, 228, 150, 88, 215, 109, 240, 102.

Ka gani, ba 'yan uwa ɗaya ba ne, ko gari ɗaya ba su fito ba. Wani harbin ƙararsa kamar an fasa kwalba, har da ɗan hayaƙi da ƙauri. Wani kuma kamar tsohuwa ta yi atishawa.

Ni a ganina wannan ba ciwon da ake warkarwa ta takarda ba ne. Likita sai ya ga mara lafiya da idonsa, ya taɓa shi da hannunsa. Buɗe irin wannan bindiga kuma aikin mutum biyu ne, ɗaya ya danne ƙarfen da ke ciki, ɗaya ya zare ƙusa. Daga Dapaong zuwa nan wuni ɗaya ne ko ƙasa da haka, in hanya ta yi kyau. Na tambayi Huseini.

Na ba shi gyaɗar. Na ƙulle bakin buhun da ƙulli uku.

Kakanka,
Bukari

*

Dapaong
Laraba, 16 ga Yuli

Kaka,

Allah ya ƙara sauƙi. Gyaɗa ta iso, ƙulli biyu na tarar.

Lambobinka sun ba ni tsoro, amma na gane ciwon tun ban kai ƙarshen layi ba. Mai ne ya yi yawa a cikin bututun iska. In fisto, ƙarfen da ke tura iskar, ya matse ta da ƙarfi, sai ta yi zafi, man ya kama wuta, kamar yadda injin gazuwal, wato dizal, yake tashi. Shi ne ƙarar da hayaƙin da ka gani. Lamba ta hau sama a wani harbin, ta faɗo a wani. Don Allah kada ka sake harbawa haka, yana iya karya resor, wato ƙarfen nan mai murɗe da ke tura fisto, ko ya ji maka ciwo.

Ga sabon resor na ba Huseini, da sabon bakin fisto na roba, wanda ba ya son mai kamar na fata. Da ƙwan zabi ashirin daga Aïcha. Aikin mutum biyu da ka ce, Rashid yana nan, mai kayar da sa ba zai kasa danne ƙarfe ba. Kai ka nuna masa, ai kai ne Mushe.

Na so in zo, wallahi na so. Rufin magaza ya yi yoyo, buhunan masara sun jiƙe, kullum muna fitarwa muna shanyawa muna mayarwa. Shef, shugabanmu, ya ce babu mai tafiya hutu sai an gama.

Akwatin kuma zan buƙace shi farkon Agusta, akwai bindigogi uku da zan daidaita kafin sabon hatsi ya shigo. Ka riƙe shi har lokacin.

Ka ga amfanin zamani, Kaka? Likita yana Dapaong, ya warkar da mara lafiya a Sokodé.

Jikanka,
Ikrama

*

Didaouré, Sokodé
Litinin, 4 ga Agusta

Ikrama,

Gaisuwa. Yau Litinin. Jikin babu laifi, sai jiri in na tashi da sauri, to na daina tashi da sauri. Kwana uku ban je masallaci ba saboda taɓo.

Ga akwatinka cikin tawul ɗinsa. Na goge shi. Ban ɓata kome ba.

Resor da bakin fisto sun iso, suna cikin kwalinsu a kan tebur. Ban kira Rashid ba. Hannunsa na yanka ne, ba na gyara ba. Ƙwan zabi na ci shida, sauran na ba Zénabou. Ka yi wa Aïcha godiya.

Zan faɗa maka wani abu, ka yi dariya in ka so. Na saba da akwatin nan. In la'asar ta yi, gida ya yi tsit, Rashid yana mahauta, Zénabou ta tafi kasuwa, sai in kafa shi in zauna. Abu ne mai amsawa. Ka yi masa magana, ya mayar maka nan take. A gidan nan ba kowane abu ne yake haka ba. Yau da na naɗe shi, sai na ji kamar ranar da na raka ka tasha bayan jarrabawarka ta ƙarshe.

Allah ya tsare masararku daga ruwa.

Bukari

*

Dapaong
Talata, 19 ga Agusta

Kaka,

Ina gaisuwa, ina neman afuwar jinkiri. Mako biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don ban san yadda zan fara ba.

Akwai abin da ban gaya maka ba, don ban ga amfanin faɗa ba a lokacin. Akwatin nan yana ajiye kowane harbi a cikinsa, da ranar, da sa'ar. Da na haɗa shi da wayata, duk suka fito.

Ranar farko ka harba goma, tsakanin 118 da 122. Bindiga mai rauni, kamar yadda sabulunka ya ce. Daga 2 ga Yuli kuwa: 168, 169, 168, 170, 169. Haka har ranar da ka naɗe shi. Harbi ɗari huɗu da goma sha biyu, kullum bayan la'asar, babu ɗaya da ya wuce 171. Kaka, ni da sababbin bindigogina ban taɓa samun jeri mai kyau haka ba.

Lambobin da ka aiko mini, ko ɗaya babu a ciki. Ba 240, ba 88. Na duba sau uku.

Hankalina ya tashi. Mutumin da ya koya mini lissafi ba zai kwafi lamba goma ya kuskure goma ba, sai in ido ne, ko wani abin da ya fi ido. Ka kuma ambaci hayaƙin da bindiga mai irin wannan jeri ba za ta yi ba, da jiri. Na gaya wa Inna. Ta yi kuka, ta ce haka kawunta na Kambolé ya fara, yana ganin abin da babu, har ranar da ya kusa ƙona ɗaki.

Mun yi shawara. Inna ta kira Rashid, ta roƙe shi ya ajiye bindigar a wurinsa, kai kuma a kai ka asibiti a duba ido da kai. Ba raini ba ne. Tsoho shi kaɗai a gida da bindiga, ko ta iska ce, in gani ya fara wasa, ba za mu iya barci ba.

Kada ka yi fushi da Rashid, mu muka sa shi.

Jikanka mai ƙaunarka,
Ikrama

*

Didaouré, Sokodé
Asabar, 23 ga Agusta

Ikrama,

Yau Asabar. Lafiyata ƙalau, kuma ina so ka karanta wannan kalmar da kyau: ƙalau. Ƙafa tana ciwo, kunne ya mutu rabi, amma na san yau Asabar, na san bakwai sau takwas hamsin da shida ne, na san sunan kakan kakanka.

Rashid ya riga takardarka isowa da kwana ɗaya. Ya shigo da hularsa a hannu, ƙaton mutum, yana kallon ƙasa kamar yaron da bai yi aikin gida ba. Ya ce, "Mushe, an aiko ni, ba da son raina ba." Ban gane ba sai da Zénabou ta yi mini ihu a kunne. Na ɗauko bindigar da kaina, na naɗe ta a tabarma na miƙa masa. Shekara arba'in da huɗu tana jingine a bayan ƙofar nan.

To, ga gaskiya, tunda akwatinka ya riga ni faɗar rabinta.

Na gyara bindigar. Cikin kwana biyar na gyara ta, ni kaɗai, na danne ƙarfen da ƙafar gado. Fatar bakin fisto ce ta bushe ta tsage. Na samo guntun fata mai kauri wurin dukawa, na yanka, na jiƙa, na ɗaure ta a kan ƙarfe ta kwana biyu har ta ɗauki siffa, na ɗiga mata mai ɗigo biyu, ba uku ba. Na harba: 168. Na sake: 169. Na yi goma, na ga sun jeru kamar sahun salla. Na waiga don in nuna wa wani. Akuyar Zénabou ce kaɗai a wurin.

Na zauna da biro zan rubuta maka. Sai na ga abin da zai biyo baya: za ka ce barka Kaka, ka ce a maido akwati, magana ta ƙare. Bindiga mai lafiya ba ta kawo likita. Sai na ƙirƙiro lambobi. Na zaɓe su a tsanake kamar ina shirya jarrabawa. Ciwon mai da hayaƙi na san shi tun ba a haifi uwarka ba, na san wace lamba zai ba da. Na ce wannan zai tsorata yaron, ya hau mota. Ban san akwati yana da littafi a cikinsa ba. A zamaninmu sikeli in ya auna ya manta.

Shekara talatin da ɗaya ina ba yara sifiri in suka rubuta amsar da ba su lissafa ba. Yau ga ni. Na yi istigfari, kai ma ina neman gafararka. Amma gara ka san ni da ƙarya da ka ɗauke ni wanda hankalinsa ya gushe. Ka gaya wa Bara'atu ta share hawayenta, ni ba kawunta na Kambolé ba ne.

Tun takardar farko ba akwati na nema ba. Mu an rene mu a kan cewa babba ba ya roƙon yaro ya zo gaishe shi, sai dai ya yi zance ya kewaya, yaro mai hankali ya gane. Na kewaya, ka aiko akwati. Na sake kewayawa, ka aiko resor. Na kewaya har na rasa bindigata.

To na daina. Ikrama, ka zo. Ba don bindiga ba. Shekara shida ke nan, tun jana'izar Khairiya, ban ga fuskarka ba, kuma ba na jin akwai wasu shida a gabana. Ka zo ko kwana ɗaya ne.

Kakanka,
Bukari

*

Dapaong
Litinin, 1 ga Satumba

Kaka,

Na karanta takardarka a tsaye a tasha, na sake karantawa a zaune. Aïcha ta karanta, ta ce ni ne ya kamata a duba wa kai. Ta yi gaskiya. Na iya karanta lambar rada, na kasa karanta takardar kakana. Ni zan nemi gafara.

Amma sifirin yana nan, Mushe, ba zan goge ba. Ka zo da mahaifinka ran Litinin, kamar yadda kake ce wa ɗalibanka.

Zan zo ran Juma'a, 12 ga wata, a motar Huseini, in kwana biyu in Allah ya so. Na gaya wa shef, bai ce a'a ba. Zan zo da akwatin. Ka nuna mini yadda ake yanka fatar nan, ni kuma in sayi sabulu mu ga tsinke da rada in za su yi musu.

Inna ta ce a bar bindigar wurin Rashid har in gan ka da idona. Ka san ta. Ni da kaina zan karɓo ta in mayar bayan ƙofa.

Jikanka,
Ikrama

*

Didaouré, Sokodé
Lahadi, 14 ga Satumba

Ikrama,

Yau Lahadi, bayan la'asar. Tarin ya sauka ƙirji, numfashi yana ɗan yi mini gardama in na yi magana mai tsawo. A rubuce babu gardama. Ka yi haƙuri da layukan, sun karkace.

Ran Juma'a na yi aski, na sa farar riga. Na sa Rashid ya kawo nama mai kyau, Zénabou ta dafa shinkafar mutum biyu. Da aka sauko daga masallaci na sa kujera a ƙofar gida. Duk wanda ya wuce ya tambaya, na ce jikana ne zai zo daga Dapaong. Na faɗa wa mutane da yawa, yanzu na ga da na rage.

Huseini ya iso wajen ƙarfe biyar. Wannan karon bai jira na leƙa bayansa ba, tun daga nesa ya girgiza kai. Ya ce ya riƙe maka kujerar gaba, ya jira har fasinja suka fara zaginsa, ya kira wayarka ba ta shiga. Ya ce ya ji ana cewa manyan motocin hatsi sun iso magazarku, amma bai tabbata ba. Na ce to shi ke nan, aiki ne. Ya zauna ya ci rabonka, ya ce naman ya yi.

Jiya na sake fitowa, don akwai motocin da ba na Huseini ba. Zénabou ta kira lambarka sau huɗu. Ban san ko aiki ne, ko ruwa ya ɓata hanya, ko wani ba shi da lafiya. In rashin lafiya ne, ka aiko a gaya mini, kada a ɓoye mini don na tsufa. In aiki ne, ban yi fushi ba. Na yi aiki a ƙarƙashin mutane, na san "bai ce a'a ba" ba "i" ba ne.

Ɗazu Rashid ya leƙo, ya rage murya har sai da ya maimaita sau uku. Ya ce, "Mushe, in kawo maka bindigar? Ba wanda zai sani." Na ce a'a. Na yi maka ƙarya sau ɗaya, ba zan ƙara ta biyu ba. Ka ce kai za ka karɓo ta, to ta jira ka.

Huseini zai hau gobe da safe, zan ba shi wannan. Motar ƙarshe daga arewa ta wuce yanzu, na ga ta sauke mata biyu da buhun albasa. Ba ka zo ba.

Zénabou ta zo ɗaukar kujera, ta tambaye ni ta mutum nawa za ta auna gobe. Na ce biyu.

Kakanka,
Bukari